Farkon Taɓin Hankali a Matasa: Jinyar Tunani da Ɗabi'a, daga Los Anjelas zuwa Godogodo

Taɓin hankali mai raba mutum da zahiri ciwo ne da yake sauya yadda ƙwaƙwalwa take fassara abin da ke kewaye da ita. Mai shi yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya kafe a kan wani zato da babu hujjar da za ta ɗaga shi daga kai, kamar cewa ana saka masa guba a abinci ko ana zancensa a rediyo. Wani kuma maganarsa ce take warwatsewa har a kasa kama bakin zarenta. Akwai ɓangaren da bai cika jan hankalin jama'a ba, alhali shi ya fi daɗewa a jiki: mutuwar zuciya, janyewa daga mutane, barin wanka, barin makaranta ko gona. Sikizofiriniya ce ta fi shahara a cikin cututtukan da ke kawo wannan hali, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita da kusan mutum miliyan 24, wato ɗaya cikin kowane 300. Amma ba ita kaɗai ba ce. Yawan shan wiwi, da ciwon sauyin yanayi mai kai mutum ga zumuɗi ya dawo da shi ga baƙin ciki, da laulayin bayan haihuwa, da farfaɗiya, duk suna iya kawo shi. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, irin su sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ma yana sa sambatu, don haka aikin farko na ma'aikacin lafiya shi ne ya tabbatar ba ciwon jiki ba ne mai buƙatar gaggawa.

Ciwon yakan fara ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa kusan shekara 30, kuma yana riga kama maza kafin mata. Nan muhimmancin farkonsa yake. Waɗannan su ne shekarun da yaro yake rubuta jarrabawar WAEC, yake koyon kanikanci ko ɗinki, yake neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, yake neman aure. Shekara biyu a ɗaki a kulle tana iya raba shi da duk waɗannan, ko da daga baya muryoyin sun yi shiru. Bincike a ƙasashe da dama ya yi ta nuna abu guda: gwargwadon tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin bayyanar alamu da fara magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. A kan wannan ne Patrick McGorry ya buɗe cibiyar EPPIC a Melbon ta Ostireliya a 1992, domin matasan da ciwon ya fara kamawa kaɗai, daga nan Danmak da Ingila suka bi sahu. A Nowe kuwa, wani shirin wayar da kai mai suna TIPS ya sauko da matsakaicin jinkirin zuwa mako 5, alhali a yankunan da ba a yi shirin ba yana mako 16.

Amurka ta shigo a makare. Cibiyarta ta binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙaddamar da shirin RAISE a 2008, aka gwada tsarin kulawa na haɗin gwiwa a kan mutum 404 a cibiyoyi 34 cikin jihohi 21. Tsarin ya haɗa magani daidai kima, da zaman jinya na mutum ɗaya, da koyar da iyali, da taimako wajen komawa makaranta ko aiki. Bayan shekara biyu, waɗanda suka samu wannan tsari sun fi daɗewa cikin jinya, sun fi samun sauƙi da jin daɗin rayuwa. Sai dai wani adadi ya fito da ya kamata ya tsaya a ran mai karatu: matsakaicin jinkiri kafin magani a wannan ƙasa mai arziki mako 74 ne, kuma waɗanda suka zo kafin hakan su ne suka kwashi mafi yawan amfanin.

Jinyar ɗabi'a, a taƙaice, jinya ce ta zama da tattaunawa da aikin gwaji, ba ta allura ko ƙwaya ba. Tana da rassa, amma biyu ne suka fi samun gwaji a wannan ciwo. Na farko shi ne jinyar tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, kuma asalinta yana komawa ga Aaron Beck. Likitoci irin su David Kingdon da Douglas Turkington ne suka daidaita ta ga masu jin muryoyi da masu kafaffen zato a Ingila cikin shekarun 1990. Na biyu shi ne jinyar iyali. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a ba mai wannan ciwo zaman CBT aƙalla 16, iyalinsa kuma zama aƙalla 10, tare da magani.

Yadda CBT take aiki ya fi fitowa a misali. A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 19 da ya daina fita saboda ya tabbata masu shayi a bakin tasha da shi suke dariya. Ma'aikaciyar jinya ba za ta ce masa ƙarya ne ba, domin gardama ƙara kafe shi take yi. Ba za ta kuma ce masa gaskiya ne ba. Tambayarsa za ta yi: "Ɗana, ranar da ka wuce suka yi dariya, me ka ji sun ce? Kafin ka iso, shiru suke ko hira suke?" Sai su shirya ɗan gwaji tare: ya tsaya daga nesa da ƙaninsa, su ƙirga sau nawa ake dariya a teburin ba tare da kowa ya wuce ba. Abin da ya gani da idonsa shi zai kawo zama na gaba. Haka ake yi da muryoyi. Ana lura da lokacin da suka fi damunsa, galibi da dare ko in yana zaune shi kaɗai ko bayan rashin barci, sannan a nemo abin da yake rage su, ko waƙar coci ce a kunne, ko karatun Alƙur'ani, ko aiki da hannu. Ana kuma koya masa cewa murya ba ta da ikon tilasta shi. Ga mai mutuwar zuciya, ana tsara masa ayyuka kaɗan-kaɗan: yau shara, jibi raka babansa gonar citta na awa ɗaya, mako mai zuwa kasuwa.

Dole a faɗi iyakarta. Idan aka tara gwaje-gwajen da aka yi, tasirin CBT a kan muryoyi da kafaffen zato ƙarami ne zuwa matsakaici, kuma yana ƙara ƙanƙancewa a binciken da aka fi tsaurara ƙa'idarsa. Ba ta maye gurbin magani. Amfaninta ya fi bayyana wajen rage firgici, da sa matashi ya fahimci abin da ya same shi, ya kuma yarda ya ci gaba da jinya.

Jinyar iyali ta fi ta ƙarfin hujja wajen hana ciwon dawowa, kuma tarihinta ya fi ban sha'awa. George Brown da abokan aikinsa a Landan sun lura tun shekarun 1950 cewa makomar wanda aka sallama daga asibiti tana da alaƙa da irin gidan da ya koma. A 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka nuna cewa a gidajen da ake yawan suka da tsangwama ko shisshigin da ya wuce kima, kusan rabin majinyata ciwon ya dawo musu cikin wata 9, a sauran gidaje kuwa kusan kashi 13 cikin 100 ne. Wannan ba ya nufin iyaye ne suke jawo ciwon. Yana nufin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta jure hayaniya, kamar yadda ƙafar da aka yi wa ɗori ba ta jure kaya. Daga nan Ian Falloon ya tsara jinyar iyali a Los Anjelas, ya buga sakamakonta a 1982: ana zuwa gida, ana koyar da iyali yanayin ciwon, da yadda za a yi magana a taƙaice ba tare da faɗa ba, da yadda za a warware matsala mataki-mataki.

A nan ne binciken da aka yi kan 'yan Latino ya shigo, wato mutanen Amurka masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kai kusan miliyan 62. Yawancinsu mutane ne masu riƙo da zumunci da addini, da yawa Sifaniyanci suke yi a gida, kuma mai ciwo a cikinsu ya fi zama tare da danginsa fiye da Bature ɗan ƙasar. Marvin Karno da Janis Jenkins sun gano cikin shekarun 1980 cewa iyalai 'yan asalin Meziko ba su kai na Turawa yawan suka ba, kuma sukan ɗauki abin a matsayin lalurar jijiyoyi da kowa zai iya samu, wanda hakan yake rage kunya ya bar ƙofar tausayi a buɗe. A 2004 Steven López da abokan aikinsa suka ƙara wani abu: a gidajen Turawa yawan suka ne yake hasashen dawowar ciwo, amma a gidajen 'yan Meziko rashin ɗumin zumunci ne. Inda ake jan mai ciwo a jiki, ana ci tare, ana raha da shi, ciwon bai cika dawowa ba.

Binciken da ya fi kowanne zama gargaɗi shi ne na Cynthia Telles, wanda aka buga a 1995. An ɗauki jinyar iyali irin ta Falloon, wadda ta yi nasara a wurin wasu, aka ba talakawan baƙin haure masu jin Sifaniyanci a Los Anjelas. A wurin waɗanda ba su saje da al'adar Amurka ba, maimakon sauƙi sai aka ga alamun ciwon sun fi tashi. Bayanin da aka fi kawowa shi ne, tsarin yana sa mutane su riƙa kallon juna ido cikin ido suna faɗin abin da yake ɓata musu rai, abin da a gidajen nan rashin ladabi ne. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ko na Bajju ko na Nikyob zai gane matsalar nan take. A ce wa yaro ya dubi tsabar idon mahaifinsa ya gaya masa laifinsa, ko a ce wa suruka ta yi haka da uwar mijinta, wannan tayar da ƙura ne da sunan magani.

Masu bincike sun ɗauki darasi. Alex Kopelowicz ya haɗa iyalai da yawa 'yan asalin Meziko a zama guda, da harshensu, ya fara da sauraron abin da su suka yi imani da shi game da magani da kuma wanda maganarsa take da nauyi a gida. Sakamakon da ya buga a 2012 ya nuna ƙaruwar shan magani a kan kari da raguwar kwanciya asibiti. A Jami'ar Miyami, Amy Weisman de Mamani ta tsara jinya ta zama 15 wadda ta fara da haɗin kan iyali, ta kuma ware wani sashe ga addini, inda ake jawo addu'a da karatun littafi mai tsarki cikin hanyoyin jurewa. Majinyatan da suka bi ta sun samu sauƙin alamu fiye da waɗanda aka yi wa gajeren bayani kawai. López kuwa ya juya ga matsalar jinkiri, ya ƙirƙiro shirin wayar da kai mai suna La CLAve, da waƙa da zane da ɗan fim, domin iyaye su gane alamu uku: zaton da ba shi da tushe, magana marar kan gado, da gani ko jin abin da babu. Waɗanda suka halarci zaman sun fi iya gane ciwon da ba da shawarar zuwa asibiti. Abin lura shi ne, mafi yawan gwaje-gwajen jinyar iyalin nan an yi su ne a kan manya da suka daɗe da ciwo, kuma ba masu yawa ba. Shi ya sa hankalin masu bincike ya koma kan matasa da farkon ciwon.

Idan aka dawo da wannan darasi gida Nijeriya, Godogodo tana cikin ƙaramar hukumar Jema'a ta jihar Kaduna, kusa da Gidan Waya, kuma Kafanchan ce babban garin yankin. Mutanen yankin suna da harsuna da dama, Hausa ce take haɗa su a kasuwa da coci da masallaci da asibiti. Abubuwa uku na 'yan Latino suna nan daram: iyali ne asibitin farko, addini ne mafassarin farko, harshen takardun likita kuma ba shi ne harshen gida ba. Idan yaro ya fara sambatu, abin da ake fara cewa shi ne an yi masa sammu, ko iska ta buge shi, ko kuma shaye-shaye ne. Kirista yakan nufi fasto ko gidan addu'a, Musulmi ya nufi malam don ruƙiyya da rubutu, kowannensu kuma yana iya biyawa ta wurin mai maganin gargajiya. Ba wauta ce take sa haka ba. Waɗannan su ne na kusa, su ne masu jin harshen mutum, su ne kuma suke amsa tambayar da take cin iyaye, wato me ya sa ɗansu. Akwai babban asibiti a Kafanchan mai sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, amma cibiyoyin da suka shahara da ƙwararrun ƙwaƙwalwa su ne asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kowanne tafiya ce ta kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da asarar yinin gona. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ɗaruruwa kaɗan ne. Maganar zama 16 da ƙwararre, a wannan hali, ba ta taso ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankin. A 2016 an kai hare-hare Godogodo da ƙauyukan kewaye, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje, jama'a suka yi gudun hijira. Yaran da suka ga wannan su ne matasan yau. An tabbatar cewa mummunan tashin hankali a ƙuruciya yana ƙara haɗarin kamuwa da wannan ciwo. Yana kuma rikita ganewa. Saurayin da ba ya barci, yake zabura da ƙarar babur, yake cewa za a zo cikin dare, ba lalle ne ya rabu da zahiri ba. Wataƙila raunin firgici ne, wanda jinyarsa daban ce. Irin wannan kuskure sananne ne a Amurka, inda tsoron kamu da kora da baƙon haure yake ji na gaske ne, amma likitan da bai san rayuwarsa ba zai iya rubuta shi a matsayin zato. Mai yin CBT a Jema'a dole ya san tarihin garin kafin ya ce wane tsoro ne na ciwo. Ga kuma shaye-shaye: binciken ƙasa da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da miliyan 10.6. Shan wiwi kullum yana ninka haɗarin, amma cewa "ɗan wiwi ne" sau da yawa yakan zama dalilin yin watsi da yaron da yake buƙatar magani, ko da wiwin ne ya tayar da ciwon.

Abin da Miyami da Los Anjelas suka gano da wahala, Nijeriya ta riga su gwada shi. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a saukar da shi a gidan wani a ƙauyukan kewaye tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, yana zuwa asibiti da rana, yana kwana cikin mutane, kuma Lambo bai ƙi aiki da masu maganin gargajiya ba. Bayan shekaru fiye da 60, Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwajin COSIMPO a Ibadan da Kumasi ta Gana, aka buga shi a mujallar Lancet a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da na gidajen addu'a da ma'aikatan lafiya na matakin farko: ma'aikaci yana ziyartar majinyaci a wurin mai magani, yana ba da ƙwaya, su biyun suna shawara. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi ƙwarai. A Indiya da Habasha ma an gwada horar da mutanen gari marasa digiri su riƙa bin gidaje suna koyar da iyali da tsara wa mai ciwo ayyuka, aka ga nakasa ta ragu. A Pakistan, Farooq Naeem ya gajarta CBT ya shigar da iyali da addini, ta kuma yi aiki.

Idan aka haɗa waɗannan, siffar jinyar da za ta zauna a Godogodo tana fitowa. Ma'aikacin lafiya na unguwa ko nas ne zai riƙe ta, da horon mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don waɗanda ba ƙwararru ba, ƙwararre kuma yana duba aikinsa lokaci-lokaci ko ta waya. Zaman farko na manya ne, domin idan baba ko kawu bai yarda ba, ƙwaya ba za ta shiga gidan ba. Ba a buɗe shi da musun sammu ko aljanu, ana iya ce wa uwa, "Mama, a ci gaba da addu'a, wannan kuma zai sa ya samu barci hankalinsa ya kwanta." Ƙorafi yana bi ta hannun wanda al'ada ta ba shi bakin magana, kaka ko gwaggo ko yaya, ba fuska da fuska ba. Abin da ake nema a gida kaɗan ne amma mai wuya: a daina kiransa mahaukaci, a daina ce masa malalaci, a ci abinci da shi, a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Fasto da malam abokan aiki ne, da sharaɗin da ba a sassauta shi: babu mari, babu duka, babu azumin dole, babu cewa a zubar da magani don nuna bangaskiya. Sharaɗin yana da dalili. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma a wannan shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali a wuraren addini da na gargajiya da na gwamnati a sassan ƙasar.

Magani shi ne ƙashin bayan komai, kuma a kansa ne aka fi yin tuntuɓe. Tsofaffin ƙwayoyi irin su kulofromazin da halofaridol suna da araha, amma suna iya sandarar da jiki, su sa rawar hannu da dalalar miyau, musamman in an ba da su da yawa. Matashi kuma a farkon ciwo kaɗan yake buƙata. Sababbi irin su olanzafin da risfaridon ba su cika sandararwa ba, amma suna sa ƙiba, suna kuma da tsada. Iyalin da ba a gaya musu wannan ba, suna ganin yaro ya sandare sai su ce asibiti ta ƙara masa ciwo. Da yawa kuma sukan daina da zarar ya samu sauƙi, alhali shawarar likitoci ita ce a ci gaba aƙalla shekara guda bayan alamu sun lafa, a kuma rage a hankali ƙarƙashin kulawa. Wani aikin jinyar iyali ke nan: a rubuta alamun dawowar ciwon na wannan yaro musamman, ko rashin barci na kwana biyu, ko komawa ɗaki, ko ƙin abincin gida, a kuma san wanda za a kira. Zancen kashe kai, in ya fito daga bakinsa, ba a ɗaukarsa wasa, domin haɗarinsa ya fi yawa a shekarun farko.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta yi ta aiki da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci da shigar da wannan jinya cikin kiwon lafiya na matakin farko. Misalin yadda hakan zai yiwu yana jihar Binuwai, inda tun 2011 cocin Metodis na Otukpo da gwamnatin jiha da ƙungiyar agaji ta CBM suka horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na unguwa, suka buɗe wuraren duba masu taɓin hankali a ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi, dubban mutane kuma suka samu magani kusa da gida. Jema'a tana da kwalejin horar da nas-nas a Kafanchan, tana da coci-coci da masallatai da suka kai kowane ƙauye, kuma waɗannan su ne irin kayan da Binuwai ta fara da su.